Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Yadda Ake Auna Ɗanɗanon Gem ɗin Tseren Mota

 

A wannan fitowa za mu yi bayani ne a kan wani abu da da yawa daga cikinmu suke yi a waya ko a gidan gem, wato wasan tseren mota. Kafin manyan kamfanoni su fitar da sabon gem kasuwa, sukan saki ɗan yanki daga cikinsa kyauta domin jama'a su gwada. Sunan wannan yanki demo, mu kuwa a nan za mu riƙa kiransa ɗanɗano. Da zarar an sake shi, sai waɗanda suka riga kowa gwadawa su fara faɗin ra'ayinsu, wannan ya ce ba a taɓa yin irinsa ba, wancan ya ce ɓata lokaci ne. Abin da muke son ganowa shi ne, wane ɓangare na wannan ra'ayin farko ne abin dogaro, wane ne kuma ba a gina hukunci a kansa? Tambayar ta shafe mu kai tsaye, domin sauke gem yana cin data da kuɗin caji da wuri a waya, kuma sau da yawa wayar ma ta yaya ce ko ta baba.

Mene ne gem mai buɗaɗɗen fili?

Gem ɗin tseren mota iri biyu ne. Na farko shi ne mai rufaffiyar hanya: ka zaɓi mota, ka zaɓi hanya daga jeri, a ƙirga uku a sake ku, kana kai ƙarshe a mayar da kai jerin. Asphalt 8 na 2013 da Asphalt 9 na 2018, waɗanda kamfanin Gameloft na Faransa ya yi, kuma suka yaɗu a wayoyin mutanenmu, irin wannan ne.

Na biyu shi ne mai buɗaɗɗen fili. A nan gari guda ake ba ka ko yanki sukutum, da titunansa da lungunansa da gonakinsa, ka bi inda ka ga dama. In ka so ka shiga gasa, in ba ka so ba ka yi ta yawo. Ku kwatanta da wanda ya shiga motar haya daga Birnin Kudu zuwa Kano: hanya ɗaya ce, ta Kwanar Huguma da Wudil, ba shi da ta cewa. Wani kuma an ba shi makullin babur an ce ya zaga, ko ya nufi Babaldu, ko ya karkata Sara, ko ya wuce Gwaram, ko ya tsaya kallon zanen da ke jikin Dutsen Habude. Wannan na biyun shi ne buɗaɗɗen fili.

Salon ba sabo ba ne. A 1999 an fitar da Midtown Madness, wanda ya ba mai wasa damar yawo a birnin Chicago na Amurka. A 2004 Need for Speed: Underground 2 ya zo da birninsa na ƙirƙira mai suna Bayview, sai Need for Speed: Most Wanted ya biyo baya a 2005 da garin Rockport da 'yan sandansa masu bin mutum har inda ƙarfinsu ya ƙare. Yayyenmu da suka yi zamanin PlayStation 2 a gidajen gem sun san waɗannan biyun. A 2006 kuma kamfanin Eden Games na birnin Lyon a Faransa ya fitar da Test Drive Unlimited, inda aka kwaikwayi tsibirin Oahu na Hawaii da tituna masu tsawon kimanin kilomita 1,600, abin da ya fi nisan Kano zuwa Legas.

Me ya sa kamfani ke bayar da ɗanɗano?

Duk wanda ya taɓa sayen kankana a kasuwa ya san amsar. Mai kankana yakan yanka ɗan yanki ya miƙo maka, kuma ba zai yanko daga wadda bai yarda da jarta ba. Bai yi maka ƙarya ba, amma shi ya zaɓi abin da za ka ɗanɗana. Haka kamfanin gem yake. Shi ke zaɓar motar da za a ba ka, da unguwar da za ka shiga, da mintunan da za ka yi.

Dabarar ta daɗe. A 1993 kamfanin id Software ya raba kashin farko na gem ɗin Doom kyauta, wanda ya ji daɗi ya sayi sauran. Su ma mujallun gem na Turai da Amurka sun riƙa haɗa faifan ɗanɗano a jikin kowace fitowa. Yau kuwa ta intanet ake saukewa, har kasuwar Steam ta kamfanin Valve tana ware mako guda sau uku a shekara, a Fabrairu da Yuni da Oktoba, wanda take kira Next Fest, domin a gwada ɗanɗanon gem masu zuwa.

Sai dai bayar da ɗanɗano kasada ce ga mai kaya. A 2013 wani masanin ƙera gem ɗan Amurka, Jesse Schell, ya gabatar da alƙaluman ciniki da suka nuna cewa gem ɗin da aka tallata da bidiyo kawai sun fi waɗanda aka haɗa musu da ɗanɗano kasuwa nesa ba kusa ba. Dalilin da ya bayar mai sauƙin ganewa ne: wanda ya ga talla ya ƙagu, dole ya saya kafin ya kashe ƙishirwarsa, wanda kuwa ya ɗanɗana yana iya cewa ya ga abin da zai gani. Ga mai buɗaɗɗen fili matsalar ta ma fi girma, domin daɗinsa yana cikin faɗinsa ne, kuma faɗi ba ya shiga cikin ɗan yanki.

Bari mu duba misalai uku da suka faru, kowanne da irin darasinsa.

Na farko: ɗanɗanon da aka kushe

A watan Disamba na 2007 kamfanin Criterion Games na garin Guildford a Ingila ya saki ɗanɗanon Burnout Paradise a na'urorin PlayStation 3 da Xbox 360. Gem ɗin Burnout da suka gabata duk masu rufaffiyar hanya ne, wannan kuwa ya zo da birni guda mai suna Paradise City. Babu jerin gasanni. In kana son tsere, sai ka tsaya a danja ka danna totur da birki tare, nan take gasa ta fara, kuma kai za ka nemo hanyar da za ta kai ka ƙarshe.

Tsofaffin masoya Burnout da yawa ba su ji daɗi ba. Ƙorafinsu na farko shi ne babu maɓallin sake gwadawa: in ka faɗi gasa, sai ka tuƙo mota ka dawo danjar da ka fara. Na biyu, mutum yana tsananin gudu kuma ana so ya riƙa leƙen ƙaramar taswira a gefen allo, yana ɗauke ido sai ya rungumi bango. Na uku, an cire wani sashe da suke ƙauna a gem ɗin baya, wanda ake shirya karo a mararraba domin tara maki, aka musanya shi da wani salo. Surutun ya yi yawa har shugaban masu tsara gem ɗin, Alex Ward, ya rubuta saƙo a shafin kamfanin gab da Kirsimeti yana kare aikinsu, yana nuna cewa sabon abu ne da bai kamata a auna shi da mudun na baya ba.

Cikakken gem ɗin ya fito a Janairun 2008, da gasanni 120 a mararrabun birnin. Masu sharhi suka yaba masa ƙwarai, ya kuma daɗe ana yinsa har aka sake gyara shi aka fitar a 2018. Da mutane suka zauna a birnin na kwanaki, suka haddace tituna da hanyoyin yanke, sai taswirar ta daina zama musu dole. Wato ƙorafi na biyu na baƙunta ne, irin na wanda ya fara shiga kasuwar Kurmi ya ce lungunanta sun yi yawa. Amma ƙorafi na farko ya tabbata gaskiya, domin a Fabrairun 2009 kamfanin da kansa ya ƙara maɓallin sake gwadawa. A cikin kukan rana ɗaya, wani na rashin sabo ne, wani kuma na aibi ne na haƙiƙa.

Na biyu: ɗanɗanon da aka yaba

Ranar 12 ga Satumba, 2018, kamfanin Playground Games na garin Leamington Spa a Ingila ya saki ɗanɗanon Forza Horizon 4, makonni uku kafin cikakken ya fito ranar 2 ga Oktoba. An gina filinsa ne a kan wasu sassan Birtaniya, har da birnin Edinburgh. Babban abin da aka tallata shi ne sauyin yanayi: shekarar Turawa kashi huɗu ce, kuma kowane kashi yana sauya kamannin ƙasa da yadda taya ke kama hanya.

Ku lura da yadda aka tsara mintunan farko. Ana ɗora ka ne a kan McLaren Senna, ɗaya daga cikin motoci mafi tsada a duniya, a lokacin da ganye ke zuba. Kafin ka gama mamaki an mayar da kai cikin ƙanƙara a wata ƙatuwar motar daji. Daga nan sai taɓo da ruwa, kana tsere da masu babura. Sannan a dawo da kai kan Senna a lokacin zafi, ka shiga filin biki ana ta shewa. Cikin 'yan mintuna an nuna maka shekara guda. Yawancin waɗanda suka gwada sun fito suna yabon kyan hoto da daɗin tuƙi, kuma da gem ɗin ya fito bai ba su kunya ba: motoci sama da 450, kuma mutum miliyan 2 suka yi shi a makon farko.

To amma ko a nan akwai abin lura. A cikakken gem, bayan an wuce sashen gabatarwa, yanayi ba ya sauyawa duk bayan minti biyu. Sau ɗaya yake sauyawa a mako, ranar Alhamis, ga kowa da kowa a lokaci guda. Wanda ba ya son ƙanƙara sai ya yi haƙurin kwana bakwai. Ita kuma Senna aro aka ba ka, ana gama gabatarwa za a karɓe a ce ka zaɓi ƙaramar mota ka fara daga ƙasa. Masu Most Wanted na 2005 sun san wannan dabara: an fara ba su BMW M3 GTR, aka ƙwace ta a farkon labari, sai da suka kayar da direbobi 15 kafin su sake riƙe sitiyarinta. Mintunan farko kamar saman buhu ne, nan ake zuba hatsin da ya fi kyau.

Na uku: ɗanɗanon da ya yi gargaɗi

A watan Yuni na 2024, lokacin Next Fest, kamfanin KT Racing na Faransa ya saki ɗanɗanon Test Drive Unlimited Solar Crown, wanda aka gina a kan tsibirin Hong Kong. Masoya sun yi shekara 13 suna jira, domin rabon da a fitar da sabon Test Drive Unlimited tun 2011. Da suka gwada, sai ƙorafi ya yi yawa: hoto yana sarƙewa ko a kwamfutoci masu ƙarfi, titunan birnin da aka sani da cunkoso sun zama wayam, kuma ba a iya yin wasan sai da intanet ko da mutum shi kaɗai yake son tuƙinsa.

Wasu suka ce a yi haƙuri, ai ɗanɗano ne, za a gyara. Gem ɗin ya fito ranar 12 ga Satumba, 2024, wata uku bayan haka. A kwanakin farko mutane da yawa da suka biya kuɗinsu sun kasa ko shiga, saboda manyan kwamfutocin kamfanin da wasan ya dogara da su sun gaza ɗaukar jama'a, kuma mafi yawan sharhin masu saye a Steam ya zama na kushe. A wannan karon Juma'ar tun daga Laraba aka gane ta. Wata uku ya isa a gyara ƙananan kurakurai, amma bai isa a sauya tubalin da aka ɗora gini a kansa ba.

Abin da ɗanɗano ba ya iya ɓoyewa

Idan muka haɗa misalan nan, za mu ga akwai abubuwan da minti goma na farko ya isa a yanke musu hukunci.

Na ɗaya shi ne yadda mota ke amsa hannu. Ka karya kwana, ka taka birki, ka ji ko motar tana bin umarninka nan take ko sai ta yi jinkiri. Wannan shi ne zuciyar gem ɗin tsere, kuma da wuya ya sauya tsakanin ɗanɗano da cikakke, domin an yi shekaru ana gina shi.

Na biyu shi ne ko na'urarka za ta iya ɗauka. Motsin da muke gani a allo jerin hotuna ne da ake sauyawa da sauri. Gem mai santsi yana nuna hoto 60 a daƙiƙa, matsakaici 30. Ga ɗan lissafi ga 'yan ajin kimiyya. Motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cin mita 200,000 a daƙiƙa 3,600, wato kimanin mita 55.6 a kowace daƙiƙa. In allo yana nuna hoto 60, tsakanin hoto da hoto motar ta matsa ƙasa da mita 1. In 30 ne, ta matsa kusan mita 2. In waya ta gaji ta koma 15, motar tana tsallake mita 3.7 ba ka gani ba, kusan tsawon ƙaramar mota ke nan. Shi ya sa a wayar da ke sarƙewa mutum yake karo da abin da bai ma gan shi ba.

Buɗaɗɗen fili ya fi rufaffiyar hanya wahalar da na'ura saboda dalili ɗaya. A rufaffiyar hanya, na'ura ta san inda za ka bi, sai ta ɗauko komai tun kafin a fara. A buɗaɗɗen fili ba ta san ko dama za ka yi ko hagu ba, don haka kana tafiya tana ɗauko gidaje da bishiyoyin da ke gabanka daga ma'adana, tana zubar da na bayanka. In ka ga gini ya faɗo gabanka kwatsam kamar daga sama, na'urar ce ta kasa cim ma gudunka.

Na uku shi ne sharuɗɗan wasan: ko yana buƙatar intanet kullum, ko yana katse ka da talla, ko rubutunsa yana karantuwa a ƙaramin allo. Waɗannan duk a bayyane suke tun ranar farko.

Abin da ɗanɗano ba ya nunawa

Akwai kuma abubuwan da ko ka yi ɗanɗano sau goma ba za ka sani ba. Ba zai gaya maka ko bayan awa ashirin gasannin za su zama maimaici ba. Ba zai nuna maka yawan wahalar da za ka sha kafin ka mallaki mota mai kyau ba, ko kuma a tsakiyar tafiya za a matsa maka ka sayi kuɗin cikin gem da kuɗin gaske, abin da ya zama ruwan dare a gem ɗin waya da ake cewa kyauta ne. Haka kuma ba zai nuna maka daɗin da sabo ke kawowa ba, kamar yadda ya faru da Burnout Paradise.

Sannan ba zai faɗa maka tsawon ran gem ɗin ba. A Disambar 2014 kamfanin Ubisoft ya fitar da The Crew, wanda ya taƙaita ƙasar Amurka gaba ɗaya a fili guda, bayan ya ba jama'a damar gwaji kafin fitowa. Wasan ba ya yiwuwa sai da intanet. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin ya kashe kwamfutocin da ke riƙe da shi, sai gem ɗin ya daina aiki har ga waɗanda suka saya da kuɗinsu. Wannan ne ya sa wani mai shirya bidiyo, Ross Scott, ya fara gangamin Stop Killing Games a watan Afrilu na shekarar, yana neman a hana kamfanoni kashe abin da suka riga suka sayar. Shi ma Forza Horizon 4 an daina sayar da shi ranar 15 ga Disamba, 2024, saboda ƙarewar yarjejeniyoyin lasisi, sai dai waɗanda suka riga suka saya suna ci gaba da yinsa.

To mu nan gida fa?

Gaskiya ita ce kaɗan ne daga cikinmu za su taɓa waɗannan manyan gem a na'urar kansu. Forza Horizon 5, wanda ya fito a Nuwambar 2021 da filin ƙasar Meziko, ya haura giga 100, ga shi kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. A gidajen gem ɗinmu ma ƙwallo ce ta fi kasuwa. Mafi yawanmu a waya muke haɗuwa da tseren mota, ko kuma a bidiyon waɗanda suka gwada a YouTube da TikTok. Amma buɗaɗɗen fili ya riga ya shigo waya, misali CarX Street da ya fara fitowa a 2022, don haka ma'aunin da muka bayyana yana yi mana aiki. Ga yadda za a yi amfani da shi.

Kafin ka sauke, duba girman gem ɗin a Play Store da irin wayar da yake buƙata. Ka sani cewa wasu suna nuna ƙaramin adadi a farko, sai ka buɗe su nemi ƙarin giga.

In kana kallon bidiyon wani, ka tambayi kanka a wace na'ura yake yi. Abin da ya yi santsi a kwamfutar miliyoyin naira ba lallai ya motsa a wayar da aka sayo ta hannu a Farm Centre ba. Ka nemi bidiyon wanda ya gwada a waya irin taka. Ka kuma duba ko kamfanin ne ya ba shi gem ɗin kyauta ko ya biya shi, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

In ka samu gwadawa, kada ka tsaya a minti biyar. Ka kai minti ashirin ko talatin, saboda waya tana rage ƙarfin kanta da kanta in ta yi zafi domin kada ta lalace. A watan Afrilu, lokacin da zafin Jigawa ke haura digiri 40, wayar da ta fara da santsi tana iya komawa rarrafe kafin a gama gasa ta uku. Ka duba kuma kashi nawa na batir ya tafi, ka kashe data ka ga ko wasan zai ci gaba.

A kula da masu yaudara. Kamfanin da ya yi Forza Horizon 4 da 5 bai fitar da na waya ba. Duk shafin da ya ce ka sauke su a wayar Android ƙarya yake yi, kuma irin waɗannan fayiloli sukan zo da manhajar ɓarna mai satar bayanai. In wayar baba ce mai manhajar banki a ciki, asarar ba za ta tsaya a data ba.

Ga masu kwamfuta kuma, Steam tana mayar wa mutum kuɗinsa in ya nema cikin kwana 14 da saye, matuƙar bai yi wasan ya kai awa 2 ba. Wannan ma wani irin ɗanɗano ne.

Darasi ga 'yan ƙungiyarmu

Wannan batu ya wuce gem. Duk ɗan jarida yakan samu kansa yana ba da labarin abin da ya gani sau ɗaya: sabon littafi da ya karanta babinsa na farko, sabon malami da ya shiga ajinsa sau ɗaya, sabuwar rijiyar burtsatse a ranar da aka buɗe ta. Adalci shi ne mai rubutu ya faɗi iyakar abin da ya gani. In za ka rubuto mana ra'ayinka a kan wani gem, ka faɗi sunan wayar da ka yi amfani da ita, da tsawon lokacin da ka yi, da ko ɗanɗano ne ko cikakke. Ka raba abin da ka auna, kamar sarƙewa da cin batir, da abin da yake son ranka ne kawai, kamar launin mota ko kiɗa. In wani abu ya ba ka haushi, ka tambayi kanka ko aibi ne ko rashin sabo, sannan ka sake komawa bayan mako guda ka ga ko ra'ayinka yana nan.

Abu na ƙarshe, wanda malamanmu za su so a faɗa. Gem ɗin tsere ba ɗanɗanon tuƙin gaske ba ne. A allo, mota takan daki bango da gudun 200 ta ci gaba da tafiya, ko a danna maɓalli a mayar da lokaci baya. A titin da ya ratsa Birnin Kudu babu wannan maɓalli. Ilimin kimiyya ya nuna cewa in gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ninkawa sau huɗu, kuma dokar ƙasa ba ta ba da lasisin tuƙi ga wanda bai kai shekara 18 ba. Wanda ya ci gasa a waya ya ari babur ɗin yayansa ya ce zai gwada a hanyar kasuwa, ya ɗauki ransa da na masu tafiya a ƙasa ya sa a caca. Haka kuma lokacin jarrabawa in ya matso, gem zai iya jira, WAEC da NECO kuwa ba sa ɗaga ranarsu saboda kowa.

Duk wanda ya gwada wani gem ɗin tsere a wayarsa, ya rubuto mana abin da ya gani bisa tsarin da muka bayyana, ya miƙa wa sakataren ƙungiya. Waɗanda suka fi bin ƙa'ida za mu liƙa su a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.